Diraif na USB ko kwafe faifan? Ga abin da na gani da idona

Malam, kan tambayarka ta ko ka sayi diraif ɗin sidi na waje mai USB ko ka kwafe tsofaffin faya-fayan gem ɗinka cikin laftof, ni dai duka biyun na taɓa, kuma ɗaya har yau in na tuna kuɗin da na zuba masa raina ɓaci yake.

Bari in fara da kwafewa tunda ita ta fisshe ni. Akwai faifan Tomb Raider II na 1997 da yayana ya bar min lokacin da zai tafi bautar ƙasa, a tsohuwar destof ɗin gidanmu muke bugawa, kullum sai an hura faifan an goga shi a riga kafin ya kama. Wata rana wani abokina mai gyaran kwamfuta ya ce in kawo, ya sa manhajar kwafe faifai mai suna ImgBurn ya zuƙe duk abin da ke ciki ya mayar da shi fayil, ko minti goma ba a yi ba. Daga nan sai ka ɗora fayil ɗin a diraif na bogi, wato wanda manhaja ke ƙirƙira cikin kwamfuta, kwamfuta ta ɗauka faifai ne aka zura mata, gem ya tashi ba wannan gurnanin da diraif ke yi kamar injin markaɗe. Faifan kansa tuni ɗana ya ɗaure shi da zare yana wulwulawa a tsakar gida har ya tsage, ko a jikina, don fayil ɗin ya bi ni laftof uku kuma yana nan lafiya lau a had dis.

Sai dai akwai inda muka yi tuntuɓe da farko. ISO, wani nau'in fayil ɗin kwafin faifai, muka fara yi, gem ya buɗe amma shiru ba kiɗa. Ashe irin waɗannan na shekarun 1990 da yawansu kiɗan a gefe yake cikin faifan kamar na sidin waƙa, shi kuma ISO bayanai kawai yake ɗauka. Sai da aka sake kwafa a matsayin BIN da CUE, nau'in kwafin da ke ɗaukar har da kiɗan, aka ɗora da Daemon Tools, manhajar diraif na bogi, sannan komai ya dawo. In kuwa ISO zalla ne ba ka buƙatar saka komai, tun daga Windows 8 danna shi sau biyu kawai za ka yi ya fito a This PC da harafinsa. Mai Windows 7 ya nemi WinCDEmu, ita ma manhajar diraif na bogi ce, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Abu ɗaya da za ka kiyaye, ka yi instol daga fayil ɗin da ka ɗora, don wasu gem ɗin suna haddace harafin da aka saka su daga ciki, in ka saka daga E gobe ka ɗora a F sai su ce maka babu faifai. Haka in gem mai faifai biyu ne, ya nemi na biyu, cire na farko ka ɗora na biyun a harafi guda. Maganar wurin ajiya kuwa ba matsala ba ce, sidi bai wuce 700MB ba, DVD na gama-gari 4.7GB.

Diraif na waje? To, yana karanta faifai, iyakar yabon da zan masa ke nan. Na saya ne musamman don Need for Speed Most Wanted na 2005, orijina nake da shi, na jona na yi instol tsaf, na danna ya ƙi motsi. Na goge faifai, na canza kafar USB, na zagi mai shago a zuciyata, ashe ba laifinsa ba ne wannan karon. Gem ɗin yana da kariyar SafeDisc mai hana kwafe faifai, ita kuma Windows 10 ba ta zo da direbanta ba, secdrv.sys, har ma Microsoft ta fitar da ofdet a Satumbar 2015 da ta kashe shi a Vista da 7 da 8.1 saboda tsaro. Ka ga ke nan faifai na hannu, diraif na aiki, gem babu. Yanzu haka diraif ɗin yana cikin durowa da tsofaffin caja.

Kar in ruɗe ka, kwafewar ma ba ta maganin wannan. Gem mai SafeDisc ko SecuROM ko StarForce, ISO ba ya ɗauko kariyar, zai yi instol amma wajen tashi ya tirje. A nan sai ka fara duba ko masu gem ɗin da kansu sun cire binciken faifai, Blizzard ta yi haka a 2008 wa Diablo II da faci, wato ofdet ɗin gyara, 1.12 da Warcraft III da 1.21b. In babu, leƙa GOG, shagon intanet ne da kamfanin CD Projekt na Poland ya buɗe a 2008, tsofaffin gem suke gyarawa su sayar ba kariya, Commandos da Hitman na farko da Stronghold Crusader duk suna can, galibi dala 6 zuwa 10, lokacin rangwame ƙasa da haka sosai. Shi Most Wanted na 2005 ba a sayar da shi a can, shi ya sa mutane ke bin kirak, wato fayil ɗin da ke fasa kariyar gem, ni ba zan tura ka can ba, na taɓa kwasar bairos ta nan sai da aka yi min fomat.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da 'yan kasuwar nan. Wani zai ɗauko diraif ɗin mataccen laftof ya sa shi a sabon kwanso ya rantse maka sabo ne dal, ka je gida ya karanta sidi ya ƙi DVD. Masu loda gem a filash kuma sun fi, filash an rubuta 64GB cikinsa 8 ne, fayil ya nuna ya shiga amma ka buɗe ka tarar da shara, sannan in suka ce ka kashe antibairos kafin ka saka, ka karɓi kuɗinka ka kama gabanka.

Don haka kar ka saya. Diraif sau ɗaya kake buƙatarsa, ranar kwafewa, ka ara wurin wani ko ka je bizines senta mai tsohuwar destof da faya-fayanka da filash ɗinka mai kyau, yini ɗaya ka gama. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a laftof ɗaya a wani waje. Ka turo min sunayen gem ɗin in faɗa maka waɗanda za su tashi da ISO kawai da waɗanda za su ba ka ciwon kai.