Kwas na dala ko jagora ta intanet? Amsa ga sabuwar OT ɗinmu

Ƙanwata, tunda kin zama OT, wato ma'aikaciyar lafiya mai taimaka wa marasa lafiya su koma yin ayyukan yau da kullum da kansu, kin tambaya ko ki sayi kwas na dala ko ki nemi jagora ta intanet. Nemi jagora, ki bar kuɗinki a aljihu tukuna.

Tawa jagorar wata gogaggiyar OT ce daga Kenya. A OTION muka haɗu, dandalin intanet na WFOT, ƙungiyar OT ta duniya, kuma shigarsa kyauta ce. Saƙon murya muke yi ta WhatsApp, don Zoom ba ya ga maciji da sabis ɗin unguwarmu. Akwai wata dattijuwa a Tudun Wada da ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Ni ina ta fama da motsa yatsu, ita kuwa Hajiya abin da ke ci mata rai shi ne sai jikarta ta zuba mata ruwan alwala. Da yardarta na tura bidiyon hannun, ban nuna fuska ba. Jagorar nan tambayoyi kawai ta jero mini: a kan me take zama, butar cike ake ba ta, da wane hannu take karkata ta? Muka koma ƙaramar buta, ruwa rabi. Kafinta ya ƙara wa kujera 'yar tsugunno tsayi, muka naɗe ƙotar cokali da robar tayar keke har ta yi kaurin da yatsun za su kama. Ranar da Hajiya ta yi alwala da kanta, albarkar da ta sa mini har yau ina jin ta.

Kwas kuwa na taɓa saya. Ilimi akwai, amma misalansa duk gidajen Turai ne da kayan da ba mu da su, ga cin data.

In karatu a tsare kike so, fara da TAP, shirin horo ta intanet na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kyauta ne, yana koyar da kayan taimako irin su sandar dogarawa da kujerar banɗaki.

Sai dai ki sani, hira da jagora ba ita ce makin CPD (makin ƙaro ilimi a bakin aiki) da MRTB, hukumar da ke ba mu lasisi a Najeriya, ke nema wurin sabunta lasisi ba, kuma ta nan macuta ke shigowa. Za ki ga talla a Facebook, tambarin WFOT ɓaro-ɓaro, satifiket cikin kwana biyu, amma asusun bankin na mutum ɗaya ne. Don Allah kada ki tura ko sisi sai kin tambayi MRTB ko sun san da kwas ɗin. Haka duk "jagoran" da ya fara da maganar kuɗin rajista kafin ya tambayi irin marasa lafiyar da kike gani, rabu da shi.