Zaren auduga na Sabon Gari da hular da na saƙa da shi

Mu a Zariya sanyin gaske bai wuce na Disamba da Janairu ba. Sauran lokacin, irin safiyar Nuwamba ko yammacin Agusta bayan an ɗauke ruwa, hular ulu mai kauri azaba ce. Kafin ki kai Kwangila daga Samaru gumi ya jiƙa miki kitso. Shi ya sa na daɗe ina neman zare marar nauyi, har na samu a wani ɗan shago na kayan saƙa da ke cikin kasuwar Sabon Gari.

Gauraye ne, rabi auduga rabi akirilik (wato zaren haɗin masana'anta, ba na tsiro ko na dabba ba), dunƙule mai giram 100. Kuɗinsa ya kusa ninka na ulun da muka saba saƙa kayan jarirai da shi, kuma mai shagon ba ya ragi. "Hajiya, taɓa ki ji," abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da ƙirga maɓallai. Na taɓa, na biya.

Hular irin mai sakin baya ce, wadda take faɗowa ƙeya. Na fara bakin da tsinke mai lamba 3.5, jikin kuma na koma 4.5 don saƙar ta yi sako-sako iska ta riƙa ratsawa. Hula mai kama kai tsawonta wajen santimita 21 ne, wannan kuwa sai da na kai 28 kafin na fara rage ido, wato madaukan saƙa, ina tattare saman. Dunƙule ɗaya ya isa har da ragowa. Zaren yana da santsi a hannu, ba ya tashin gashi, ba ya ƙaiƙayi a goshi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda nauyin audugar yake sa bayan ya kwanta da kansa. Akirilik zalla tsayawa yake yi ƙiƙam kamar buhun da aka cusa wa takarda. Ƙanwata mai yawan gashi tana tura ƙananan kitsonta duka ciki, ta ɗora hijabi, ba wani tudu.

Inda ya gaza shi ne bakin hula. Auduga ba ta da jan baya irin na ulu, idan ta miƙe ta miƙe. Bayan wanki kaɗan bakin ya saki, hular ta fara zamewa. Maganinsa a haɗa siririn zaren roba na teloli a saƙa bakin tare da shi, a kuma shanya ta a kwance, domin rataya a igiya tana ƙara mata tsawo. Sannan zaren yana rabewa idan tsinken ya cika tsini, mai koyo za ta sha haushi. Zare mai ruwan toka da na saya bai zuba ba, amma jan da maƙwabciyata ta ɗauka ya ɗan rina ruwan wankin farko.

Wani abin takaici, takardar jikinsa ta nuna daga waje aka shigo da shi, alhali nan Samaru cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take fitar da irin audugar SAMCOT da manoma ke shukawa.

Zan sake saye, sai dai ba don tsakiyar hunturu ba, lokacin ulu ne. Idan za ki je, ki duba lambar rini a jikin takardar, ki ɗauki duk abin da kike bukata lokaci guda, don kalar da ta ƙare a shagon ba lallai irinta sak ta dawo ba.