Ha Giang: ka tuƙa da kanka ko ka hau bayan mai babur?

Ɗan'uwa, ka ce za ka arewacin Biyetnam da jakar goyo kaɗai, kana so ka zaga ƙauyukan Ha Giang, kana tambaya wanne ya fi: ka yi hayar babur ka tuƙa da kanka, ko ka biya ɗan gari ya ɗauke ka a nasa. Ka kuma ce ka iya babur daidai gwargwado a cikin gari, amma ba ka da lasisinsa. A ganina wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce ta raba gardamar, sai dai bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe ka duba da kanka.

Ka fara sanin hanyar tukuna. Zagayen ya kai kusan kilomita 350, mutane kan yi shi a kwana uku zuwa huɗu. Ƙashin bayansa shi ne titin da ya tashi daga garin Ha Giang ya bi ta Quan Ba da Yen Minh da Dong Van ya sauka Meo Vac, wanda aka fara sarewa a jikin duwatsu a 1959 aka gama a 1965, galibi da ƙarfin hannu. Tsakanin Dong Van da Meo Vac akwai mashigin Ma Pi Leng, wajen kilomita 20, dutse a gefe guda, a ɗaya gefen kuma kwazazzabo ne mai zurfi, kogin Nho Que na gudana can ƙasa. Kwana kan kwana, hawa da gangara, ga manyan motoci da ke cinye titi idan za su sha kwana, ga tsakuwa da ke zubowa kan kwalta. Wanda ya saba da miƙaƙƙen titi zai ga wannan wani tuƙi ne daban.

Abin da tuƙi da kanka ke ba ka ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage masa daraja ba. Ranar taka ce. Ka ga wata 'yar hanya ta ratse zuwa ƙauyen 'yan ƙabilar Hmong, ka bi. Ka tarar da kasuwar Lahadi ta Meo Vac tana ci, ka ajiye babur ka wuni. Wuri ya yi maka, ka ƙara kwana ba tare da ka nemi iznin kowa ba. Ga sauƙin kuɗi: hayar babur da mai kawai za ka biya, alhali mai ɗaukarka sai ka biya ladansa da abincinsa da makwancinsa, abin ya ninka sau da yawa. Ga mai tafiya da jakar goyo, wanda ke lissafin kowane kwabo, wannan hujja ce mai ƙarfi.

Amma takardu fa? Nan ne mutane da yawa ke rufe ido. Biyetnam tana karɓar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ne irin na yarjejeniyar ƙasashe kan tuƙi da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, ba ta karɓar na wadda aka ƙulla a birnin Janiba a 1949. Shi kansa wannan lasisin ba ya tsayawa shi kaɗai, fassara ce ta lasisin ƙasarka, dole ka riƙe su tare, kuma dole rukunin babur ya fito a ciki. Lasisin mota ba ya wadatarwa. Baburan da ba sa buƙatar lasisi su ne waɗanda injinsu bai kai cc 50 ba, su kuwa ba za su haura da kai da kayanka waɗannan duwatsun yadda ya kamata ba. Mai shagon haya yana iya miƙa maka makulli bai tambaye ka komai ba, amma 'yan sanda na kafa shinge a hanyar, suna cin tara, suna iya riƙe babur. Tarar ma ba ita ce ta fi damuna ba. Inshorar tafiya ce. Yawancin kamfanoni sun rubuta ƙarara cewa ba sa biyan jinyar wanda ya yi haɗari yana tuƙi ba bisa ƙa'ida ba. Ka faɗi a bayan Dong Van ka karye, manyan asibitoci suna Hanoi, babban birnin ƙasar, wajen kilomita 300 daga garin Ha Giang ma, balle daga can cikin duwatsu, kuma kuɗin daga aljihunka zai fito gaba ɗaya.

Sai ƙwarewa. Masu koyo sun fi son babur otomatik saboda ba ruwansu da giya, totur da birki kawai. A hawa ba laifi, a doguwar gangara ne yake ba da matsala, don injinsa ba ya riƙe shi sosai, nauyin duka ya koma kan birki, birki ya yi zafi ya fara saki. Shi ya sa 'yan yankin suka fi hawa irin su Honda Wave, mai giya huɗu ba kulochin hannu: ka sa giya ta biyu, inji ya riƙe ka, birki ya huta. Wanda bai saba ba kuma, da ya tsorata a kwana sai ya damƙe birkin gaba, in akwai tsakuwa ko ruwa taya ta zame. Irin wannan ba a koyonsa a bakin kwazazzabo.

Mai babur kuwa, abin da kake saya a wurinsa ba tuƙi kaɗai ba ne. Ya san kwanar da babbar mota ke ɓullowa, ya san inda ƙasa ke zaftarewa bayan ruwa, ya san bakanike da mai faci a kowane gari. Yana jin yaren mutane, don haka gidan da za ka wuce ka ɗaga hannu kawai, da shi sai a ce ku shigo ku zauna. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: mai tuƙi a Ma Pi Leng titi yake kallo, wanda ke baya shi ne ke kallon duwatsu da kogi. Kai kuwa abin da ya kai ka ke nan.

Nasa aibin shi ma yana nan. Kamfanoni da yawa suna jera baƙi ayari guda, babura rututu, a tsaya inda kowa ke tsayawa, a tashi lokacin da jagora ya ce. In ka faɗa irin wannan, ƙauyen da ka zo gani sai ka hango shi ta bayan kafaɗar wasu baƙi. Zaman baya na sa'o'i yana gajiyar da ƙugu. Kuma ranka yana hannun mutumin da jiya-jiya ka san shi, don haka kana da haƙƙin ka ga lasisinsa, ka kuma ƙi hawa in ka ji warin barasa, tunda dokar ƙasar tun 2020 ta hana tuƙi da ko ɗigonta a jini.

A wasu abubuwan duk ɗaya ne. Babbar jakarka ka bar ta a masauki a garin Ha Giang, ka ɗauki ƙarama a ɗaure ta a bayan babur, kada ka goya ta. Hular kwano dole ce a ƙasar tun 2007, amma ka nemi mai rufe haɓa, ba 'yar fankon da ake miƙa wa baƙi ba. Dogon wando da takalmi rufaffe, saboda salansar babur na ƙona ƙafa. Damina, daga wajen Yuni zuwa Agusta, lokacin zaftarewar ƙasa ce, hunturu kuma akwai sanyi da hazo mai rufe hanya. Satumba zuwa Nuwamba ya fi daɗi.

Da kana da lasisin babur da na ƙasa da ƙasa irin na 1968, ka kuma saba da giya a hawa da gangara, da na ce maka ka yi haya ka tafi abinka, ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane kafin ka karɓa, ka gwada birki da fitila, ka ajiye kuɗin jingina maimakon fasfo. Amma a yadda ka bayyana kanka, ka ɗauki mai babur. Ka nemi naka kai kaɗai ko ƙaramin ayari, ka zaɓi kwana huɗu maimakon uku, ku kuma yi magana tun kafin ku tashi cewa duk inda ka taɓa kafaɗarsa zai tsaya.