Firimiya ko La Liga: wacce za ta cika maka gidan kallo?

Ƙanena, da talabijin ɗaya da janareto ɗaya, ka sa Firimiyar Ingila kawai.

Gidan kallona a Mabera, cikin Sakkwato, Firimiya ce ta riƙe shi. Ƙungiya 20 ne, kowacce wasa 38 daga Agusta zuwa Mayu, uku na ƙasa su faɗa Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya, shi ya sa ko ƙananan ƙungiyoyi ba su sakin jiki. Kakar 2016 da Leicester ta ɗauki kofi, dattawan da ba ruwansu da ƙwallo sai da sunka riƙa leƙowa ta taga suna tambaya, wai wanga ƙaramin kulob da gaske yake? Da Ahmed Musa ya koma can, sai anka samu 'yan Leicester a unguwa dare ɗaya. Ga tsofaffin 'yan Arsenal tun zamanin Kanu, ga 'yan Chelsea na Mikel, ga na Manchester United masu gardama ko an ci su. Kowane Asabar akwai wanda za a yi wa tsiya, kuma mai tsiyar da wanda ake yi wa duk sun biya kuɗin shiga.

Lokacin ma ya yi mana daidai. A hunturu wasannin ƙarfe 3 na Ingila ƙarfe 4 ne a nan, an idar da La'asar, rana ta yi sanyi. Na 6:30 agogonmu ne ke cin karo da Magariba, ka saba da kashe sauti.

La Liga ta Sifen ta girmi Firimiya, tun 1929 ake buga ta, Firimiya kuwa 1992. Ƙwallo mai kyau ce, ban musa ba. Amma talabijin ta biyu da na saya dominta, in ba Real Madrid da Barcelona sunka haɗu ba, mai kawai take sha, kuma sau biyu suke haɗuwa a kakar lig. Manyan wasanninta ma sai wajen tara na dare.

Ka kiyayi masu yawo da dikoda suna cewa biya ɗaya za ka kalli komai har shekara. Ranar babban wasa take ɗaukewa, wayarsu kuma a kashe. Ka je shagon dila, ka karɓi rasit, a kunna tashoshin a gabanka. Janareton kuma a buɗe kwalin kana tsaye, don ana fentin tsoho a sayar a matsayin sabo. Ragowar kuɗin ka sayi fanka biyu kafin zafin Afrilu.