Jolt da WTC: abin da na gani wajen haɗa WebLogic da Tuxedo

Tuxedo, wani tsarin kwamfuta, tsohon hannu ne a harkar banki da sadarwa. A ɗakunan binciken AT&T aka ƙera shi cikin shekarun 1980, ya biyo ta hannun Novell, BEA ta karɓe shi a 1996, sannan Oracle ta gaje shi da ta sayi BEA a 2008. Aikinsa tsaron ma'amala: ko dai kuɗi su fita daga wannan asusu su shiga wancan cif, ko kuma komai ya koma yadda yake.

A wurin aikinmu ayyukan Tuxedo da harshen kwamfuta na C aka rubuta su, kuma babu mai gigin taɓa su. Shafin da abokan hulɗa za su riƙa biyan kuɗi ta intanet kuwa da harshen Java aka gina shi a kan WebLogic, sabar da ke ɗaukar manhajojin Java. Dole a sami gada tsakaninsu, kuma na gwada guda biyu: Jolt da WTC (WebLogic Tuxedo Connector).

Jolt na fara ɗauka, kuma bai ba ni wahala ba. Ka tayar da JSL, mai sauraron kira, a ɓangaren Tuxedo, shi zai miƙa masu kira ga JSH, mai kai buƙatunsu ga Tuxedo, WebLogic kuma ya riƙe layukansa a buɗe don kada kowace buƙata ta sake gaisuwa daga farko. Idan akwai katangar tsaro a tsakani, JRLY da JRAD, masu miƙa saƙon Jolt, suna nan don tsallake ta. Sai dai kowane aiki da za a kira, sai ka bayyana sunansa da filayensa a ma'ajiyar Jolt. Ranar da masu C suka ƙara fili a FML32, tsarin da Tuxedo ke jera filayen saƙo da shi, ba su gaya wa kowa ba, ranar za ka yini kana karanta ULOG, fayil ɗin da Tuxedo ke rubuta kurakurai a ciki. Don duba ragowar kuɗi ko tarihin asusu, Jolt ya wadatar.

Inda ya tsaya shi ne hanyarsa ɗaya ce: Java ke kira, Tuxedo ke amsawa. Kuma ma'amalar da ka buɗe ta Jolt tata daban, ba ta haɗuwa da wadda WebLogic ke riƙe da ita a rumbun bayanansa. Mu kuwa muna rubuta rasit a ɓangaren WebLogic, muna cire kuɗi a ɓangaren Tuxedo. In ɗaya ya faɗi ɗaya ya tsaya, wa zai yi wa abokin hulɗa bayani?

Shi ya sa muka koma WTC. Shi yana sa WebLogic ya bayyana wa Tuxedo tamkar wani yankin Tuxedo ne ɗan'uwansa, suna magana ta GWTDOMAIN, ƙofar da Tuxedo ke magana da sauran yankuna ta cikinta. Saitin ya fi cin rai: sunayen da ka rubuta a DMCONFIG, fayil ɗin saitin yankunan Tuxedo, dole su yi daidai da na WebLogic harafi da harafi, sannan ka jera ayyukan da za a shigo da su da waɗanda za a fitar. Amma da ya zauna, kira na tafiya ta kowane ɓangare, har tsohon aikin C yana iya kiran EJB, wato aikin Java da ke zaune a WebLogic, kuma XA, ƙa'idar haɗa ma'amala tsakanin tsari biyu, na ɗaure ɓangarorin biyu cikin ma'amala guda. Mun kashe sabar da gangan ana tsakiyar biya, kuɗin suka koma, rasit ma bai fita ba. JATMI kuma, hanyar da Java ke kiran Tuxedo a WTC, ga wanda ya saba da tpcall, umarnin kiran aiki a C, gida ne.

Mun bar Jolt a kan shafukan dubawa kawai. Duk abin da ke motsa kuɗi yanzu ta WTC yake bi.