Allon kafaɗa bayan aikin mama: sagewa ce ko jijiya ce ta taɓu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce wata 3 ke nan da cire mata maman hagu tare da kaluluwar hammata, hannun ya ƙi wuce kafaɗa, kuma in kina shafa mata mai sai ki ga allon kafaɗar ya turo waje. Maƙwabta a Ƙofar Sauri wasu na cewa sanyi ne a yi ƙaho, wasu na cewa gocewa ce a nemi mai ɗori. Ni abin da kika kwatanta ya fi yi mini kama da ɗayan abubuwa biyu, ko ma duka biyun a haɗe.

Allon kafaɗa kwance yake a bayan haƙarƙari, tsokoki ne ke riƙe da shi suna juya shi. In mutum ya miƙe hannu sama ƙiƙam, digiri 180 ke nan, kusan 120 daga gaɓar kafaɗa suke zuwa, 60 kuma daga juyawar allon. Da allon ya ƙi juyawa, ɗaura ɗankwali ma ya zama aiki.

Sagewa ta fi yawa nesa ba kusa ba. Tabon aiki yana ƙanƙancewa, tsokar ƙirji ta ɗaure ta jawo kafaɗa gaba, ga kuma tsoro: mace ta yi makonni tana rungume da hannu a ƙirji kamar mai riƙe da jinjiri, don kada ɗinki ya buɗe. In an ƙona wurin da na'ura bayan aikin, wato gashin haske da ake yi don kashe ragowar cutar, naman yana ƙara tauri, wani lokaci sai bayan watanni. Wasu ma za su ji wani abu kamar tsirkiya ya miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu. A nan allon yana da ƙarfinsa, jansa ake yi daga gaba, shi ya sa za ki ga tana ɗage kafaɗa zuwa kunne in za ta ɗauko kwano daga wuri mai tsayi.

Taɓuwar jijiya labarinta daban. Akwai wata siririyar jijiya da ke fitowa daga wuya, ta bi ta cikin hammata, ta sauka gefen ƙirji tana ba wata faffaɗar tsoka umarni. Tsokar ta kama haƙarƙari 8 ko 9 na sama, kuma ita ke manne allon da jiki. Hanyar jijiyar daidai inda ake cire kaluluwa take, don haka tana iya jawuwa ko ta ƙuje ko da likita ya yi taka-tsantsan. In jijiyar ta taɓu, sai gefen allon da ke kusa da ƙashin baya ya ɗago kamar fiffiken kaza.

Kina iya gwadawa a gida kafin ku je asibiti. Inna ta kwanta rigingine, ta saki hannun, ke ki ɗaga mata a hankali. In sagewa ce, hannun zai tsaya miki a hanya, ta ce ƙirji ko hammata na ja. In jijiya ce kaɗai, zai tafi sama ba gardama, amma in ta tashi zaune ita da kanta ba za ta iya kai shi can ba. Sannan ta tsaya ta dafa bango da hannu biyu ta tura, ke kina bayanta. Allon da ya ɓullo fiye da ɗan'uwansa, jijiyar ake zargi.

Maganinsu ma ya sha bamban. Sagewa miƙewa take so, kullum, kaɗan-kaɗan: tafiyar yatsu a bango, ɗaga muciya da hannu biyu a kwance, haɗa allunan biyu ta baya. A makon farko ko na biyu ne ake cewa kada hannu ya wuce kafaɗa, kafin a cire robar da ke zuƙe ruwa. Wata 3 kam an wuce nan tuni, kuma zaman hannun haka yana iya daskarar da gaɓar gaba ɗaya, balle in tana da ciwon suga. Jijiya kuwa ba a yi mata gaggawa. In sai ta sake tofowa ne, kusan milimita 1 take yi a rana. Galibi tana farfaɗowa cikin watanni, wasu har shekara 2 ake jira kafin a yi zancen wani aikin. Kafin nan ana ƙarfafa sauran tsokokin, a kiyaye gaɓar kada ta sage, a ɗauke mata daka da ɗaukar bokiti.

Ƙaho da tsaga kuwa, don Allah kada a kusanci wannan hannun da su. An cire kaluluwar da ke tace ruwan hannun, ɗan yanka na iya jawo ƙwayar cuta da kumburin da ke da wuyar sauka. Mai ɗori ba abin da zai ɗora, ƙashi bai goce ba. Gashi da ruwan zafi ma a bi sannu, don fatar hammata da cikin damtse kan mutu bayan aikin, sai ta ƙone ba ta ji ba.

Ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ku nemi ya tura ku sashen gashin ƙashi, irin na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, a duba ta hannu da hannu. Ki ɗauki bidiyon bayanta tana tura bango ki nuna masu. In kuma kika ga hannun ya kumbura, ko wurin ya yi ja da zafi da zazzaɓi, ko wani ciwon ƙashi yana hana ta barci da dare, kada ku jira ranar da aka rubuta maku a kati.