Ina Za Ka Samo Wakilin da Zai Sayar Maka da Littafi?

Penguin Random House, HarperCollins, Simon & Schuster, Hachette da Macmillan su ne kamfanoni biyar da suka mamaye harkar ɗab'in littattafan Turanci a Amurka, suna da ƙarfi kuma a Ingila. Galibin sassansu ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci kai tsaye, sai ta hannun wakili. Shi zai kai littafin gaban edita, ya yi ciniki, ya karɓo maka kafin alƙalami, sannan ya cire la'adarsa: kashi 15 cikin 100 a cinikin gida, kusan kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara ko na bugawa a wata ƙasa. To, ka gama rubutu, ka gyara, ka tsara wasiƙar gabatarwa mai shafi ɗaya. Wa za ka aika wa, kuma a ina za ka samo sunansa?

Ni dai Publishers Marketplace na fi amincewa da shi, ba zan ɓoye ba. Shafi ne da 'yan kasuwar littafi da kansu suke amfani da shi, ba marubuta kawai ba, kuma abin da ke cikinsa rahoton ciniki ne. Ka buga sunan wakili, sai ya fito maka da littattafan da aka ba da rahoton ya sayar: wane irin littafi ne, wane edita ya saya, a wane kamfani, a wane wata. Ba a cika rubuta ainihin kuɗin ba, mataki ake sa wa cinikin. Na ƙasa bai kai dala 50,000 ba, na ƙoli ya fara daga dala 500,000. Da ka zauna da shafin na awa ɗaya za ka ga abin da tallar wakili ba za ta taɓa gaya maka ba. Wani wakilin, shafinsa na intanet ya sha ado, yana cewa yana son labarin soyayya da na tarihi da na yara, amma a shekara biyu littattafan girki kawai ya sayar. Wata kuma ba ta da surutu, sai ka tarar ta sayar da littattafan farko na sabbin marubuta ga manyan kamfanoni, irin naka sak. Wannan ita ce taka.

Ana biyan kuɗi duk wata, amma ba sai ka zauna a ciki shekara ba. Ka biya na wata guda, ka kwashe sunayen da kake buƙata, ka fita. Aibinsa shi ne wakilai da editoci ne ke kai rahoton da kansu, don haka akwai ƙwararrun da ba sa kai duk cinikinsu, kuma ya fi karkata ga Amurka.

Shafin QueryTracker ne na biyu, kuma yawancin abin da ke cikinsa kyauta ne. Marubuta ne ke shigar da ranar da suka aika da ranar da aka amsa musu, sai ka ga wanda ke amsawa cikin mako biyu da wanda shirunsa ke nufin a'a. Yana da amfani wajen lissafin wasiƙunka, amma saurin amsa ba shi ne iya ciniki ba. Shafin Manuscript Wish List kuwa, burin irin littattafan da suke son samu ne wakilai ke rubutawa a ciki, kuma kowa na iya yin buri. Writers' & Artists' Yearbook, kundin sunaye da ake bugawa duk shekara a Ingila tun 1906, yana da kyau ga mai neman wakilin Landan, sai dai kafin shekara ta zagayo wasu sun sauya kamfani ko sun rufe ƙofa. Tarukan da ake biyan kuɗi don a ba ka 'yan mintuna gaban wakili, ban ga abin da suke ba ka wanda imel ba zai ba ka ba. Gara ka buɗe shafin godiya na littattafan da suka yi kama da naka, don da wuya marubuci ya manta da sunan wakilinsa a can.

Dalilin da ya sa na nace wa tarihin ciniki shi ne wani "wakili" da ya taɓa yaba min littafi, yabon da ko mahaifiyata ba ta yi ba. A wasiƙa ta biyu sai ga zancen cewa rubutun na buƙatar ɗan gyara, kuma akwai wani edita da ya sani, kuɗinsa kaza. Da na tambaye shi littattafai uku da ya sayar, sai ya ce sirrin kasuwanci ne. Babu wani sirri a nan. Wakilin gaske alfahari yake da abin da ya sayar.

Ka riƙe wannan da kyau: wakili ba ya cin ko sisi sai ka ci. Kuɗin karanta rubutunka, kuɗin rajista, kuɗin "tallata ka ga kamfanoni", duk damfara ce ko da an sa mata wane suna. Ƙungiyar wakilan Amurka, AALA, ta haramta wa 'ya'yanta karɓar kuɗin karanta rubutu, haka ma takwararta ta Birtaniya tana da ƙa'idojinta. Shiga ƙungiya ba dole ba ne, amma kuma babu lasisi a sana'ar, kowa na iya wayar gari ya kira kansa wakili. Shi ya sa kafin ka amsa wa kowa ka leƙa shafin Writer Beware, wanda Victoria Strauss da A.C. Crispin suka kafa a 1998 don tona asirin irin waɗannan.

Salon da ya fi muni yanzu shi ne satar suna. Sai ka ga imel ɗauke da sunan fitaccen wakili, da hotonsa, da tambarin kamfaninsa, yana cewa ya ga aikinka, har ma wani kamfanin fim na zawarcinsa. Ka dubi adireshin harafi bayan harafi. Sau da yawa an sa "rn" a gurbin "m", ko an ƙara kalma ɗaya bayan sunan kamfanin. Da irin wannan dabarar wani mai suna Filippo Bernardini ya yi shekaru yana yaudarar marubuta da editoci suna aiko masa da littattafan da ba a buga ba, har aka kama shi a New York a Janairun 2022, ya amsa laifinsa a 2023. Idan ƙwararrun cikin sana'ar sun faɗa, kai da kake ɗokin jin "mun karɓa" sai ka ƙara lura. Wakili mai aiki akwatinsa cike yake da wasiƙu, da wuya ya bi sabon marubuci yana roƙo.

Ko wanda ya tsallake duk wannan, kada ka sa hannu ranar da ya kira. Ka nemi mako ɗaya ko biyu don ka sanar da sauran wakilan da rubutunka ke hannunsu. Ka nemi ya haɗa ka da marubuta biyu da yake wakilta, musamman wanda littafinsa bai sayu ba, ka ji yadda ya yi da shi. Sannan ka karanta sashen yarjejeniyar da ya yi bayanin yadda za ku rabu, da kwana nawa za ka ba shi sanarwa.